Wankan sheƙi na alminiyam: ka kafa naka ko ka ci gaba da bayarwa a waje?

Wani ɗan'uwa ne ya aiko da tambaya, yace yana da ƙaramar masana'anta inda suke ƙera hannun ƙofa da firam ɗin gilashin banɗaki da kwanon fitila, duk na alminiyam, in sun gama sai su kai wa wani kamfani ya yi musu wankan sheƙi, wato tsoma su a asid mai zafi su yi ƙyalli, da anodaizin, wato yi musu wata siririyar fata ta kariya da wutar lantarki. Damuwarsa uku ce: kaya suna daɗewa a can, wasu su dawo da ƙarzuwa, kuma sheƙin lodin wannan watan ba ya zama ɗaya da na wancan. Yanzu an yi masa tayin wani tankin wankan sheƙi na hannu da araha, shi ne yake tambaya ko ya saya ya fara yin abinsa a gida ya huta.

Toh ƙanena, amsar a taƙaice ita ce kar ka yi saurin sayen tankin nan. Ba wai ina hana ka kafa naka har abada ba, akwai wanda kafawar ta dace da shi kuma zan faɗa maka ko waye, amma daga yadda ka kwatanta aikinka ina ga kai ba shi ba ne tukuna. Na daɗe ina aiki a ɗakin wankin ƙarfe, na tsaya a bakin tankin nan na shaƙi abin da na shaƙa, kuma abin da na lura da shi shi ne duk wanda ya zo da irin tambayarka tankin yake kallo, alhali tankin shi ne mafi arha a cikin duk abin da zai saya. Inda kuɗin yake da inda ciwon kan yake shi ne iskar da za ta fita daga tankin, da ruwan da zai fita daga ɗakin, da mutumin da zai tsaya yana lura da haɗin asid ɗin kullum.

Bari in fara gaya maka me ke cikin tankin don ka san da wa za ka zauna. Abin da 'yan sana'a suke kira birait-dif, wato tsoma kayan a ruwan asid mai zafi su fito suna ɗaukar ido, yawancinsa fosforik asid ne, kusan kashi 70 zuwa 80 cikin 100, sai naitirik asid ɗan kaɗan kamar kashi 2 zuwa 4, sai ɗan ɗigon gishirin jan ƙarfe, sauran ruwa ne da alminiyam ɗin da ya narke a ciki. Ana dafa shi ya kai digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin salshiyos, wato daf da tafasar ruwa ko ma ya wuce, kuma yana da kauri da nauyi, lita ɗaya tana kai wa kilo 1.7 haka. Kaya suna zama a ciki daga rabin minti zuwa minti biyu ko uku. Yadda yake aiki kuwa, naitirik ɗin yana shimfiɗa wata siririyar fata a jikin ƙarfen, fosforik ɗin yana cinye ta, a haka a haka, kuma da yake ruwan mai kauri ne yana kwanciya a cikin ƙananan ramukan da ido ba ya gani ya kare su, tudun kuma da suka leƙo waje su ake fara ci. Da tudu ya sauka ya daidaita da kwari sai haske ya daina warwatsewa ya riƙa dawowa kai tsaye kamar madubi. Ba sabon abu ba ne, kamfanin Alcoa na Amurka yana da nasa haɗin da ake kira R5 wanda har yanzu 'yan sana'a da sunan suke kiran irin wannan wankan, kafin shi ma akwai masu yi da wutar lantarki irin su Alzak a Amurka da Brytal a Ingila tun shekarun 1930.

Ka riƙe wannan maganar ta "ramukan da ido ba ya gani" domin nan ne mutane da yawa suke yin asara. Wankan nan ba ya goge ƙarzuwa. Duk abin da farcenka zai ji in ka shafa, bayan wanka yana nan, ƙari ma zai fi fitowa fili tunda yanzu kewayensa yana walƙiya. Layin da dayi, wato ƙarfen da ke fitar da siffar firam, ya bari a jikin firam lokacin da aka matso shi, sawun fayil, wurin da wani yaro ya jefa hannun ƙofa a kan ɗan'uwansa, duk za ka gan su raɗau. Shi ya sa kayan da ake so su zama madubi sosai sai an yi musu folish da injin goge tukuna. Don haka ƙarzuwar da kake kuka da ita kafin ka ɗora wa kamfanin laifi ka binciki yadda kayan suke barin wajenka. Sau nawa na ga an kawo mana kaya a zube cikin kwali ɗaya ba takarda a tsakaninsu, sun sha girgiza a mota suna gugar juna, lokacin ƙarfen dusu-dusu yake ba a ganin komai, sai an wanke tabon ya bayyana mai kaya ya zo yana faɗa wai mu muka ƙarje.

Sai babbar maganar, wacce ni a ganina ita ce tushen bambancin sheƙin da kake gani: irin alminiyam ɗin da kake saya. Alminiyam ba ɗaya ba ne, kowane haɗi da lambarsa, kuma abin da ya fi kashe sheƙi shi ne yawan baƙin ƙarfen da ke gauraye a ciki. Lamba 6063 da aka fi yin firam da ita ƙa'idarta ta yarda baƙin ƙarfe ya kai kashi 0.35 cikin 100, ita kuwa 6463 wacce aka yi ta musamman don wannan aikin ba ta wuce 0.15. 6061 tana iya kai wa 0.7, za ta yi ɗan haske amma kar ka sa rai da madubi. A ɓangaren falle kuma akwai 5657 da 5252 da ake yin kayan ado na mota da na gida da su, su ma an rage musu baƙin ƙarfe sosai. To ka ga matsalar, in kana sayen 6063, lodi ɗaya ya zo da 0.17 wani ya zo da 0.32, duka biyun suna cikin ƙa'ida, mai sayarwa bai cuce ka ba, amma in aka wanke su aka yi musu anodaizin ba za su taɓa zama launi ɗaya ba, ɗaya zai yi tas ɗaya ya yi kamar da hazo a fuskarsa. Ko wa ya wanke kuwa. Ka kawo tankin tsakar masana'antarka ka tsaya a kansa da kanka, haka za su fito. Idan kuma cikin hannayen ƙofarka akwai na zubi irin A380, wanda silikon ɗinsa ya kai kashi 8 zuwa 9 ga jan ƙarfe kashi 3 zuwa 4, wannan kam ka manta, toka-toka ko baƙi zai fito saboda asid ɗin ba ya narkar da silikon. Wurin walda ma haka, in an yi da waya mai silikon irin 4043 layin waldar zai yi duhu bayan anodaizin, 5356 ta fi dacewa da launi.

Yanzu mu zo kan hayaƙi. Da ka tsoma alminiyam a cikin naitirik mai zafi wani hayaƙi yake tashi ja-ja kamar ruwan ƙasa, naitirojin dayoksaid ne, ga kuma iskar haidirojin mai kama wuta tana fita tare da feshin asid. Muguntar wannan jan hayaƙin ita ce ba ya nuna kansa nan take. Mutum zai shaƙa ya ɗan yi tari, idonsa ya yi ruwa, ya fita ya sha iska yace ai ya wuce, sai bayan awanni, wani lokaci cikin dare yana kwance a gida, huhunsa ya fara tara ruwa numfashi ya gagara. Akwai ranar da fankar zuƙe hayaƙi ta tsinke bel a wani wajen da na yi aiki, ƙarar injuna ta hana kowa ya ji ta tsaya, lodi biyu kawai aka tsoma kafin mu ankara rufin ɗakin ya yi ja. Yaron da ke kan kuren, wato injin ɗaga kaya, ya rantse lafiyarsa lau yana ta dariya, da ƙyar muka tilasta shi aka kai shi asibiti aka kwantar da shi a lura da shi, kuma da daddare ƙirjin ya tashi. Allah ya sa yana hannun likitoci. Tun daga ranar ba na yarda a kunna hitar tankin sai an haɗa ta da fanka yadda in ɗaya ta tsaya ƙararrawa za ta yi kuka.

Kuma ba wai ka zuƙe hayaƙin ka watsa wa maƙwabta ba ne, hukumar muhalli ta kowace ƙasa da ta san aikinta ba za ta bar ka ba. Sai ka kafa hasumiyar wanke hayaƙi, sikiroba, inda ake feshe shi da ruwan kostik soda kafin ya fita, kuma shi wannan hayaƙin mai taurin kai ne, ba ya narkewa a ruwa da sauƙi kamar hayaƙin wasu asid ɗin, sau da yawa sai an yi masa hawa biyu ko an ƙara wasu sinadarai. Bututun, fankar, murfin, duk sai na abin da asid ba ya ci. Shi kansa tankin sitenles ne mai lamba 316L, yawanci bango biyu ake masa don in na ciki ya huje kar tafasasshen asid ya malalo ƙasa. Feshin da ya tsere kuma ba ya tsayawa a ɗakin, zai bi iska ya je ya samu injin yankanka da na'urorin awonka da ƙarafan rufi, wata shida ka ga tsatsa ta kama abin da bai taɓa tsatsa ba. Shi ya sa ɗaki daban ake ware masa, da daɓe mai jure asid da magudana tasa.

Ruwa kuma wani babi ne. Na ce maka haɗin mai kauri ne, to duk lodin da ka ciro yana fitowa da asid manne a jikinsa, kuma ba ka da damar tsayawa ka bari ya tsiyaye, domin muddin kayan na sama da zafinsu asid ɗin yana ci gaba da cin su, in ka wuce sakan 20 ko makamancin haka kafin ka jefa su a ruwan ɗauraya sai su yi dishi-dishi da zane-zane. Wato dole ka yi sauri, saurin kuma yana nufin kana kwasar fosforik mai tsada kana zubawa a tankin ɗauraya. A gaskiya mafi yawan asid ɗin da za ka saya ba aikin sheƙi ne zai cinye shi ba, ta nan zai bi. Manyan kamfanoni suna barin ɗauraya ta farko ta yi ƙarfi har ta kai wajen kashi 35 na fosforik sannan su sayar wa masu yin takin zamani tanka-tanka, su mayar da wani abu daga kuɗinsu. Kai da za ka tara durom biyu a wata wa zai turo maka mota? Sai dai ka biya a kwashe, ko ka kashe shi da farar ƙasa, ya zama wata farar laka mai yawan gaske da za ka matse a injin matsa ka nemi inda doka ta yarda a zubar. Fosfet, wato ragowar fosforik ɗin nan, ba abin sakewa a kwata ba ne, in ya shiga tafki ko kogi gansakuka ce take mamaye ruwan kifi su mutu, don haka ana sa masa ido sosai wajen ba da izinin zubar da ruwa. Ka je ka tambayi hukumar wajenku abin da take buƙata kafin ka kashe ko sisi, wani lokaci takardar izinin ta fi kafa layin daɗewa.

Sai mutum. Wallahi wannan shi ne abin da ba a saye a kasuwa. Haɗin nan ba ya zama wuri ɗaya, yana canzawa awa bayan awa. Naitirik yana ƙonewa da aiki kuma yana gudu da zafi ko ba ka tsoma komai ba, ruwa yana ƙafewa, alminiyam yana taruwa. In naitirik ya yi ƙasa kaya su fito dusu-dusu da kunkunniya a jiki, in ya yi yawa su fito da zanzana ga hayaƙi ya ƙaru. In ruwa ya yi yawa wankan ya koma cin ƙarfe kawai ba sheƙi, in ya yi kaɗan ko alminiyam ya wuce kima sai wani farin abu kamar gishiri ya riƙa fitowa a jikin kayan. Narkakken alminiyam ɗin ana son shi wajen giram 30 zuwa 45 a lita, shi ya sa sabon haɗi fil ba ya yin kyau sai an ɗan tsufar da shi da tarkacen ƙarfe. Ga man folish da in ba a wanke shi tas ba zai shiga ya ɓata haɗin, ga ruwa mai gishirin kulorayid da ke jawo zanzana. Duk wannan sai an auna, nauyin ruwan da yawan naitirik aƙalla kowane shif, da ɗan ɗakin gwaji da wanda ya iya titireshan, wato gwajin auna yawan sinadari a ruwa. Ƙwararren ma'aikaci kuwa tun kafin sakamakon gwaji ya fito ya riga ya gane daga launin hayaƙin da yadda kumfa ke tashi a jikin kaya. Irin wannan mutumin shekaru ne suke yin sa, kuma in ka samu guda ɗaya ka dogara da shi, ranar da ya yi zazzaɓi ko wani ya ƙara masa albashi ya tafi, layinka ya tsaya cak.

Ga wani abu da ban ji ka ambata ba, ka ce wankan sheƙi da anodaizin ake maka. To tanki ɗaya aka maka tayi. Alminiyam ɗin da ya fito daga wankan sheƙi tsirara yake, yatsa in ya taɓa shi sai ya bar sawu, ba za ka iya naɗe shi ka kai wani gari a yi masa anodaizin ya isa yadda ya fito ba, abin da aka saba shi ne a kan maratayi ɗaya yake wucewa daga wannan tanki zuwa wancan bai ma bushe ba. Ke nan layin gaba ɗaya za ka kafa: wanke maiƙo, ɗauraya, wankan sheƙi, ɗauraya biyu ko uku, tankin cire kunkunniyar jan ƙarfe, ɗauraya, anodaizin a salfurik asid da ake riƙewa wajen digiri 20 wanda ke buƙatar injin sanyaya ruwa da rektifaya mai ba da wutar DC, ɗauraya kuma, rini in kana so, sannan silin, wato toshe ƙofofin fatar anodaizin, a ruwan zafi mai tsabta ko na nikel asitet. Ka ƙirga, ka kai tanki goma sha ɗaya ko goma sha biyu, ga kuren da zai riƙa ɗaga kaya. Marataya ma kuɗi ne, na alminiyam wankan yana cinye su tare da kayan, na taitaniyam sun fi daɗewa amma da tsada. Kuma anodaizin ɗin kansa yana rage sheƙi, iya kaurin fatar iya dusashewa, shi ya sa kayan ado na cikin gida ake tsayawa wajen maikiron 5 zuwa 10 (maikiron dubu ne ke yin milimita ɗaya), a nan ne kuma baƙin ƙarfen da na faɗa maka ɗazu yake nuna halinsa.

Lissafin da nake so ka zauna ka yi ba mai wuya ba ne, amma ka yi shi da gaskiya. Ɗauko rasit ɗin shekara guda na abin da ka biya kamfanin, haɗa da kuɗin mota da kimar kayan da suka lalace. Wannan gefe ɗaya. A ɗaya gefen ka rubuta abin da za ka riƙa biya ko ka wanke kaya ko ba ka wanke ba: kuɗin kafa layin a raba shi bisa shekarun da zai yi, albashin mai lura da haɗi da masu rataya kaya, wutar fanka da sikiroba, gwajin ruwa da iska da hukuma za ta nema, inshora wacce za ta tashi da zarar sun ji akwai tafasasshen asid a gininka. Sannan abin da ke tafiya da yawan aiki: asid, soda, farar ƙasa, wutar dafa tanki, kwasar laka. Sai ka ƙara wani layi da kowa yake mantawa, kayan da za ka ɓata a watannin koyo, don za ka ɓata, kuma yanzu ba wanda za ka kira ka yi wa faɗa. Tambayar da ke raba gardama ita ce awa nawa a mako tankin zai yi yana aiki. Dafa tan biyu ko uku na asid daga sanyi zuwa digiri 100 yana cin awanni, in don aikin awa biyu za ka dafa shi sau ɗaya a mako, ka biya wuta, naitirik ya gudu a banza, kuma kowace kunnawa sai an sake daidaita haɗin kamar daga farko. Shi kamfanin da kake kai wa yana raba duk wannan nauyin a kan kwastomomi da yawa, tankinsa kullum da zafi, haɗinsa a daidaice saboda aiki ba ya yankewa. Ribar da kake ganin yana ci a kanka wani ɓangarenta kuɗin wannan ne.

Wanda kafawa ta dace da shi shi ne mai aikin da zai cika shif guda kullum, kaya iri ɗaya ko kusan iri ɗaya da haɗin ƙarfe ɗaya, musamman in dama yana da layin anodaizin da wurin gyaran ruwa da mai gwaji, tanki ɗaya da sikiroba kawai zai ƙara. Ko mai dogayen firam masu mita shida da jigilarsu ta fi wankinsu tsada da haɗari. Ko wanda babu mai yin aikin kusa da shi sam. Irin waɗannan in sun kafa suna cin riba sosai, kaya su fito yau a haɗa su gobe, kuma in matsala ta taso a ranar za a gano ta ba sai bayan mako biyu an riga an ƙera wasu dubu a kan kuskure ɗaya ba. Wannan fa'ida ce ta gaske ban raina ta ba.

Kai kuwa abin da zan ba ka shawara shi ne ka fara gyara zamanka da masu yi maka. Na farko ka daina sayen ƙarfe da ido, ka rubuta lambar haɗin a odarka, ka nemi takardar gwajin kowane lodi ka duba baƙin ƙarfen, in za ka iya komawa 6463 don firam ka koma, kuma kar ka gauraya lodi biyu a aikin kwastoma ɗaya. Na biyu ku daina magana da baki. "A yi min shi ya yi ƙyalli sosai" ba oda ba ce. Ku zaɓi samfur biyu, mafi hasken da ake iya samu da mafi dusashewar da za ka karɓa, ku sa hannu a bayansu kowa ya riƙe nasa, in da hali a auna da na'urar auna sheƙi a rubuta lamba, akwai ƙa'idar ISO 7668 ta wannan awon, ISO 7599 kuma ita ta tsara kaurin fatar anodaizin aji-aji kamar AA5 da AA10. Ka nuna musu a zane wace fuska ce ake gani da inda ka yarda maratayi ya kama, tunda duk inda ya kama sai ya bar ɗan tabo. In akwai rami mai zare ko wurin da awonsa ya matse ka faɗa musu, wankan yana cin 'yan maikiron daga jikin ƙarfen. Ka yi akwatunan jigila masu gida-gida da za su riƙa zuwa suna dawowa. Maganar jinkiri kuma yawanci daga yadda kake kai kayan ne, in kana faɗo musu ba zato sai ka bi layi, amma in kuka yi yarjejeniya cewa duk ranar kaza lodi kaza zai iso za su ware maka gurbi, ƙaramin kwastoma mai tsari ya fi musu babba mai rikici. Kuma ka nemi kamfani na biyu ka riƙa ba shi ɗan kaso, ko don na farkon ya san kana da wajen zuwa. Ka je da ƙafarka ka ga layinsu, ka nemi ganin littafin da suke rubuta gwajin haɗi, in babu littafin to ka samu dalilin canza su.

Akwai kuma hanyoyin da za su iya rage maka dogaro da wankan gaba ɗaya. Kwanon fitila misali, ana sayar da falle da aka riga aka yi wa sheƙi da anodaizin tun a naɗe, kamfanin Alanod na Jamus ya shahara da shi, ka yanka ka lanƙwasa da ledar kariyarsa a jiki, sai dai bakin yankan tsirara yake kuma ba ya son a zurfafa shi da yawa don fatar tana tsagewa. Ƙananan hannayen ƙofa kuma injin girgiza mai ƙwallayen sitenles yana ba su haske mai kyau ba asid ba hayaƙi, ka bi da fenti mai kariya marar launi, wannan kam za ka iya kawo shi gida gobe, kuma shi ne ma maganin kayan zubin da wankan asid ba ya karɓa. Masu sayar da sinadarai za su kuma yi maka tallan haɗin da babu naitirik a ciki, gaskiya ne yana kawar da jan hayaƙin, amma har yanzu tafasasshen asid ne, fosfet ɗin ruwa yana nan, kuma a abin da na gani da idona sheƙinsa bai cika kamo na asalin ba, in za ka gwada ka ba su kayanka na gaske su wanke ka ajiye kusa da samfurinka.

Shi kuma tankin da aka maka tayi, ka tambayi mai shi dalilin da ya sa ya daina amfani da shi, da kuma ina sikirobarsa take. Ka sa a duba layin waldar ciki da bututun dafawa, nan ne asid yake fara ci, a tabbatar 316L ne ba 304 ba don a ido kamarsu ɗaya. In ka turo min jerin lambobin ƙarfen da kake amfani da su da yawan murabba'in mita da kake wankewa a wata, zan taya ka duba ko awannin sun kai.